Bashin da Ɗalhatu Ya Bari a Ƙarshe

Kamfanin gadin da Ɗalhatu Ado ya yi wa aiki shekara bakwai a Doha ya rufe ƙofa a tsakiyar shekarar 2023. Ba wanda ya yi mamaki a lokacin. Gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta wuce, wuraren da ake gadi sun ragu, ƙananan kamfanoni sun yi ta sallamar ma'aikata. Abin da ya bambanta sallamar Ɗalhatu shi ne yadda aka biya shi. Asusun kamfanin ya riga ya shiga matsala, don haka mai kamfanin ya tara manyan ma'aikatansa a ofishinsu da ke Al Rayyan, ya ƙirga wa kowa haƙƙinsa a hannu. Ɗalhatu ya fito da riyal dubu ashirin da ɗaya a aljihun wandon kakinsa, ya tsaya a bakin titi cikin zafin rana yana jiran bas, hannunsa a kan aljihun.

Mutumin Zariya ne, daga Tudun Jukun, yana da shekara arba'in da uku a lokacin. Ya shigo Ƙatar a matsayin mai tsaron ƙofa, yana tsayuwa tun safe har yamma a gaban wani ginin ofisoshi. Saboda ba ya makara, kuma yana jin Turanci da ɗan Larabcin da ya samo a makarantar Islamiyya, sai aka yi masa ƙarin girma har ya zama mai kula da masu gadi. Albashinsa ya kai riyal dubu biyar da ɗari biyar. A cikin Hausawan da ke zaune a Fereej Abdel Aziz, tsohuwar unguwar da ma'aikata ke raba ɗakuna a tsakiyar birni, wannan albashi babba ne. Kowa Oga yake ce masa, har waɗanda ba su taɓa aiki a ƙarƙashinsa ba.

Wannan albashin ne ya sa banki ya yarda ya ba shi rance. Matarsa Sakinatu da 'ya'yansu uku sun daɗe a gidan haya, ɗaki biyu da banɗaki na tarayya, shi kuma yana da fili da ya ɗora tubali ya bari. A farkon 2022 ya karɓi riyal dubu saba'in, aka yi yarjejeniya za a riƙa cire dubu ɗaya da ɗari bakwai daga albashinsa kowane wata har shekara huɗu. Cikin takardun da ya sa wa hannu akwai cak na jingina wanda ba a rubuta adadi a kansa ba. An gaya masa amfaninsa: idan ya daina biya, banki zai rubuta abin da ya rage ya kai cak ɗin. Bai damu ba, domin duk wanda ya ci irin wannan rance ya sa hannu a irinsa. Da kuɗin ya rufa gida, ya yi filasta, ya haƙa rijiya. Sakinatu ta tare kafin damina.

Ranar da aka sallame shi, banki yana bin sa kusan dubu arba'in da takwas. Amma ba banki kaɗai ke bin sa ba, kuma a nan labarinsa ya karkata.

Akwai adashen da suke yi su goma sha biyu, kowa dubu ɗaya a wata. Ya riga ya kwashi nasa tun a zagaye na uku, saura mutum tara suna jiran zubinsa. Akwai Alhaji Sunusi, dattijon Bakano da ya shekara ashirin yana tuƙi a Doha, wanda Hausawan unguwar ke kai wa ƙara idan an saɓa. Ya ranta wa Ɗalhatu dubu biyar lokacin rasuwar mahaifinsa, ba shaida ba takarda. Akwai kuma mai baƙala, wato ƙaramin kantin kayan masarufi na ƙasan benensu, wani Ba'indiye da ke ba shi shinkafa da mai da katin waya sai ƙarshen wata.

Ɗalhatu bai yi dogon tunani ba. A ganinsa lissafin a fili yake, haka kuma ya taso ya ga ana yi. A gida, idan aka kawo gawa za a yi mata salla, liman yakan juyo ya ce duk mai bin mamaci bashi ya yi magana. Mutane ne ke magana, maƙwabci ko abokin kasuwa ko mai shago.

"Ban taɓa ganin banki ya tsaya a bakin kabari ba," in ji shi. "Na ce bari in fara da masu ido, waɗanda zan haɗu da su a masallaci. Banki ba ya jin yunwa. Idan na samu aiki sai in ci gaba da shi daga inda na tsaya."

Ya bi 'yan adashe ɗaya bayan ɗaya ya ba kowa dubunsa, har da waɗanda zagayensu bai kusa ba. Ya sauka ya goge bashin baƙala, mai kantin ya ba shi lemo kyauta. Ya aika wa Sakinatu dubu uku. Bayan sallar Juma'a ya tare Alhaji Sunusi a ƙofar masallaci ya miƙa masa dubu biyar a naɗe. Tsakanin Kanawa da Zagezagi akwai tsohon wasa, kuma Alhaji ba ya barin dama ta wuce.

"Kai bawana, yaushe Bazazzage ya fara biyan bashi ba a kai shi gaban alƙali ba?"

"Alhaji, tsoro nake ji. Bakano zai iya biyo ni lahira da sikeli."

"Riƙe abinka har ka samu aiki. Wa ya tambaye ka?"

"Wallahi sai ka karɓa. Barci nake so in yi."

Alhaji ya karɓa, ya sa masa albarka. A unguwa aka yi ta yabon Ɗalhatu. Abin da ya rage a hannunsa bai kai dubu uku ba.

Kamfanin bai soke masa iƙama ba, wato takardar zama, ya bar ta ta ci gaba har wa'adinta ya cika, domin ya nemi wani aikin. Ya ɗauka wata ɗaya ya isa. Ya zaga kamfanonin gadi da ya sani, duk suna rage mutane. Inda ake ɗauka kuma, matasa ake so a kan albashin da bai kai sulusin nasa ba, da an ga shekarunsa da muƙaminsa na baya sai a ce za a kira shi. Wata na farko ya wuce, asusunsa babu komai, banki bai samu abin cira ba. Aka fara kiran sa a waya. Ya ɗauka sau ɗaya, wata mata ta ce ya zo reshen bankin a yi magana. Ya ce to.

Bai je ba. Da aka tambaye shi dalili daga baya, amsarsa ɗaya ce: ba a zuwa wurin mai bin ka bashi hannu rabbana. A tarbiyyarsa, wanda ake bi yakan ɓuya har ya samu ɗan abin da zai riƙe a hannu, sannan ya je ya ba da haƙuri. Zuwa da baki kawai raini ne. Ya yi ta jiran ranar da zai samu ko dubu biyu ya shiga bankin da mutuncinsa. Ana cikin haka aka yanke layin wayarsa, domin layin na kamfani ne, kuma shi ne lambar da banki da hukuma suka sani. Ya sayi sabon layi. Kira ya tsaya. Ya ɗauka sun gaji ne sun yi haƙuri.

Zaman rashin aiki ya fara cin sa ta kowane gefe. Gadon da yake haya a ɗakin mutum shida riyal ɗari huɗu da hamsin ne a wata. Ya bar wa wani, ya koma shimfiɗa katifa a ƙasa tsakanin gadaje, yana biyan rabi. Abokin ɗakinsa Mubarik, ɗan Zangon Kumasi ne mai tuƙa motar kai kaya, shi ya ɗauke masa kuɗin tukunya. Aika kuɗi gida ya tsaya cak. Sakinatu ta fito da keken ɗinkinta zaure ta fara karɓar ɗinkin kayan makaranta. Wata rana Mubarik ya tura masa riyal ɗari uku ta asusun banki don ya sayi takalmi da kuɗin mota. Ɗalhatu ya je na'urar cirar kuɗi, ya ga sifili. Ya kira Mubarik.

"Ka tura kuwa?"

"Oga, na tura mana. Ga shaida a wayata."

"To babu."

"Kura ta lashe kenan. Daga yau a hannu zan ba ka, kamar kuɗin cefane. Amarya ka zama, Oga."

Sun yi dariya, amma Ɗalhatu ya fahimci cewa duk abin da ya faɗa asusun nan, ko sisin kwabo, na banki ne. Ko wannan bai sa ya je reshe ba.

Da iƙamarsa ta kusa ƙarewa, sai ya yanke shawarar komawa gida. Wani kamfani ya yi masa alkawarin aiki idan sun samu kwangilar da suke jira, suka ce ya tafi za su aiko masa da sabuwar biza. Niyyarsa ya huta, ya ga yara, ya dawo ya ci gaba da biya. 'Yan ɗaki suka haɗa masa kuɗin tikiti. Ya sayi abaya biyu a kasuwar gwanjo, da kwalin dabino, da takalmin makaranta na babbar 'yarsa Firdausi. Sakinatu ta sa aka yi wa ɗakinsa fenti. Ƙaninsa ya shirya tarbarsa a Kano.

Jirgin na safe ne. An auna kayansa, sun wuce. A wurin duba fasfo ya miƙa nasa yana murmushi. Jami'in ya dubi na'urarsa, ya ɗago ya dube shi, ya sake duban na'urar, sannan ya ce ya koma gefe. Wani jami'in ya zo ya tafi da shi wani ɗaki, ya ba shi kujera, ya yi masa bayani a hankali da Turanci. Akwai umarnin kotu da ya hana shi fita ƙasar. Banki ya rubuta abin da ya rage a cak ɗin jingina ya gabatar, cak ya dawo babu kuɗi, kuma ba da cak marar kuɗi laifi ne a dokar ƙasar. An shigar da ƙara, an aika masa sanarwa ta lambar da ke rajista.

"Na ce masa ba gudu zan yi ba, gida za ni," in ji Ɗalhatu. "Ya ce ya sani. Na ce kayana suna cikin jirgi. Ya ce za a sauko da su. Daga nan ban sake jin abin da yake faɗa ba. Ina kallon bakinsa yana motsi."

Ya kwana a hannun hukuma. Alhaji Sunusi ne ya tsaya masa aka ba da belinsa, aka ba shi lokaci ya daidaita da banki kafin zaman kotu na gaba. Ya koma ɗakin da ya yi sallama da shi, ya tarar an riga an ba wani gurbin katifarsa. Ƙaninsa ya jira a filin jirgin Kano har fasinja na ƙarshe ya fito.

Labarin ya girgiza unguwar. Da yawa daga cikin mazan suna da irin wannan rance, kuma babu wanda ya taɓa tunanin cewa takardar da suka sa wa hannu a tsaye za ta iya tare mutum a ƙofar jirgi. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne wanda abin ya faɗa wa. Da wani mai cin bashi ya murje ido ne, da an ce alhaki. Amma wannan mutumin da ya bi mutane gida gida yana biyan su tun ba su tambaya ba.

Alhaji Sunusi ya ce a bar masa. Ya taso a kasuwar Kano, ya ga manyan 'yan kasuwa sun karye an kuma tashe su. Yadda ake yi, dattawa su ɗauki wanda ya karye su kai shi gaban masu bin sa, a faɗi gaskiyar abin da ya rage masa, a yafe wani abu, a jinkirta wani, a tashi da addu'a. Ya sa babbar riga da hula, ya fesa turare, ya ɗauki Ɗalhatu da Mubarik da ladanin masallacinsu, suka tafi da kwalin dabinon da aka sauko da shi daga jirgi.

A sashen karɓar basussuka aka haɗa su da wani jami'i ɗan Sudan, mai furfura a gemu. Da ya ji suna magana a tsakaninsu sai ya yi murmushi ya ce, "Sannu, sannu. Lafiya lau?" Kakarsa Bahaushiya ce, iyakar abin da ya riƙe kenan. Alhaji ya dubi Ɗalhatu da ido mai cewa an gama. Jami'in ya sa aka ƙaro kujeru, ya ture kwalin dabinon a hankali ya ce ba a ba su izinin karɓa ba.

Alhaji ya yi jawabi da Larabcinsa na direba. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya ce wannan yaro mutumin kirki ne, su shaida ne. Ya ce arziki ya karye masa, sun zo ne a rubuta shi a cikin waɗanda suka karye, a duba abin da zai iya, a yafe masa saura.

Jami'in ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ya Hajji, abin da kake nufi akwai shi, amma na 'yan kasuwa ne da kamfanoni masu rajista. Shi ma'aikaci ne. Ba ni da takardar da zan rubuta shi a kai in ce ya karye, khalas, shi ke nan, a sallame shi. Bashin yana nan ko yana aiki ko ba ya yi."

"To mu da muka zo fa? Ba a duba girmanmu?"

"Na duba. Shi ya sa kuke zaune. Amma ni ma ma'aikaci ne."

Ya juya na'urarsa. Da tarar jinkiri da kuɗin shari'a, bashin ya kai dubu hamsin da biyar. Ya tambayi Ɗalhatu ko kamfaninsa ya biya shi kuɗin sallama, domin a ƙa'ida ta asusun nan ya kamata su biyo. Ɗalhatu ya faɗi gaskiya, ya faɗi adadin, ya faɗi inda kuɗin suka tafi. Jami'in ya cire tabarau ya ajiye.

"Dubu ashirin da ɗaya a hannunka, ka raba wa abokai?"

"Ba kyauta na yi ba. Bashi ne."

"Wa zai kai ka kotu a cikinsu?"



"Da ka shigo nan a makon da rabin kuɗin nan," in ji jami'in, "ka ce aiki ya ƙare, da mun zauna. Da wataƙila an ɗaga maka wasu watanni, an rage abin da kake biya. Ko da hannu wofi ka zo, da akwai magana. Cak ba ya fita sai mutum ya ɓace. Kai kuma ka ɓace."

Ladan ya ce, "Innalillahi." Alhaji Sunusi ya sunkuyar da kai, domin dubu biyar daga cikin kuɗin a aljihunsa suka shiga.

Jami'in ya ba su hanya biyu. Ta farko, a kawo dubu arba'in a dunƙule, banki ya yafe saura, ya janye ƙara, a ɗage hanin fita, Ɗalhatu ya hau jirgi. Ta biyu, ya samu sabon aiki mai albashi ta banki, ya ajiye dubu takwas, a raba saura wata wata daidai ƙarfinsa. A wannan hanyar za a dakatar da maganar cak, amma ba zai fita ƙasar ba sai ya gama biya.

A cikin mota Alhaji ya ce dubu biyar ɗinsa suna nan, zai dawo da su, kuma kada a yi masa musu. 'Yan adashe da suka ji, wasu suka kawo ɗari biyu, wasu ɗari biyar. Yawancinsu sun riga sun aika nasu gida an ci. Aka tara abin da ya kusa dubu takwas. Dubu arba'in kuwa, duk unguwar ba mai ita. Abu ɗaya Ɗalhatu ya mallaka da ya kai wannan kuɗi, shi ne gidan Tudun Jukun.

Ya sa ƙaninsa ya nemo dillali. Ba a jima ba aka samu mai saye, wani ma'aikacin jami'a, da farashin da idan aka canza zai biya banki ya bar ɗan abin kama haya. Ɗalhatu ya ji sanyi a ransa karo na farko tun ranar filin jirgi. Ya hau saman bene bayan la'asar, inda ake shanya, ya kira Sakinatu ya gaya mata an samu mafita. Yana jin ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

"Wace mafita, Baban Firdausi?"

"An samu mai sayen gidan. Kafin azumi ina gida."

"Wane gidan?"

"Gidanmu mana. Daga baya Allah zai ba mu wani."



"Shawara kake nema, ko sanar da ni kake yi?"

"Shawara ce, Sakina."

"To kada ka sayar."

Ya ce bai ji ba. Ta maimaita.

"Kin san abin da kike faɗa? Idan ban sayar ba, shekara uku da rabi ba zan taka Najeriya ba. Ko mutuwa aka yi ba zan zo ba."

"Na sani. Tun ranar da ƙaninka ya kawo dillali yana auna mini tsakar gida da ƙafa nake lissafi. Ka dawo ka yi me? Aikin me ke jiran ka a Zariya? Ka dawo ba gida, ba aiki, mu biyar a ɗakin haya, ni da keke ɗaya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina bin layin banɗaki da buta. Kai ba ka bi ba, kana can."

"Ashe gini ya fi ni."

"Kada ka faɗi haka, ka ji tsoron Allah. Ni na sa aka yi wa ɗakinka fenti. Na dafa abinci ranar nan har ya kwana a tukunya ba wanda ya iya ci." Ta ci gaba. "Can kai kaɗai ne a cikin wahala, kuma tana da ranar ƙarewa. In ka sayar, mu duka ne, kuma ba ranar ƙarewa. Ka biya kowa haƙƙinsa, Baban Firdausi, har mai kanti. Mu ne ba ka lissafa ba. Gidanka ne, in ka ce a sayar, gobe zan ɗaure kaya. Amma ka tambaye ni, na faɗa maka."

Mubarik ne ya same shi a saman benen, zaune a kan bokitin fenti, wayar a ƙasa. Ya tambaye shi ko rasuwa aka yi. Ɗalhatu ya ce a'a, ya gaya masa yadda suka yi.

"Kai!" in ji Mubarik. "Banki ya ce zauna, madam ta ce zauna. Oga, ko dai kai kaɗai ne kake son ganin kanka?"

Ɗalhatu bai yi dariya ba. Ya ce abin da jami'in filin jirgi ya gaya masa bai kai wannan zafi ba, domin wancan baƙo ne. Ya yi kwanaki ba ya ɗaukar wayarta. Dillali yana ta kira, mai saye yana gaggawa. Ya je wurin Alhaji Sunusi yana zaton dattijo zai ce mace ba ta hana namiji sayar da abinsa. Alhaji ya ce shi ya riga ya ba da shawara sau ɗaya a wannan magana, an ga inda babbar rigarsa ta kai su, ba zai ƙara ba. Da Ɗalhatu ya matsa, sai ya ce, "Bawana, ni haya nake yi a Kano har yau. Shekara ashirin. Kada ka tambaye ni."

Ranar da mai saye ya ce ko a karɓi kuɗi ko ya nemi wani gidan, Ɗalhatu ya kira ƙaninsa ya ce a ba mutumin haƙuri, an fasa.

Aikin da ya samu na tuƙa bas ɗin ma'aikata ne a Al Wukair, can bayan gari inda ake ta sababbin gine-gine. Sabon kafil ɗinsa, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa, ya san da shari'ar, ya kuma yarda ya gyara masa takardu. Aka cika kuɗin da aka tara, aka ajiye wa banki dubu takwas ɗin. Albashin dubu biyu da ɗari uku ne, da wurin kwana. Ranar da albashin ya shiga asusu banki ke cire dubu ɗaya da ɗari. Yana aika ɗari shida gida. Abin da ya rage shi ne abincinsa da sabulu da katin waya. Ba ya adashe yanzu, ba ya kuma karɓar komai a baƙala sai da kuɗi a hannu. A sansanin da yake kwana ba wanda ya san an taɓa ce masa Oga.

Suna waya da Sakinatu kowace Juma'a. Ya ce maganar gidan ba ta sake tasowa ba, ba ta ɗauko ba, shi ma bai ɗauko ba. Bara mahaifiyarta ta rasu, ya yi mata ta'aziyya daga cikin bas, a inda ya faka yana jiran ma'aikata su tashi. An tambaye shi ko yana ganin Sakinatu ta yi daidai da ta hana sayar da gidan.

"Wata rana ina ganin ta yi daidai," in ji shi. "Wata rana kuma ba na son jin muryarta. Saura shekara biyu. In na je na gane."